Yadda Ake Haɗa Firjin Ƙasa: Randa Cikin Randa Don Gida, Akwatin Jan Bulo Don Mai Sayar Da Kayan Miya

Duk wanda ya yi bazara a Gadarif, Sinnar, Maiurno ko Wad Madani a ƙasar Sudan ya san abin da Afrilu da Mayu suke yi wa kayan miya. Tumatirin da aka sayo da safe yana ƙyalli, kafin la'asar ɗin gobe ya yi laushi ya fara zubar da ruwa. Ganyen jarjir da lalo kuwa ko yini ba sa kaiwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wutar lantarki ta zama ta ganin dama a garuruwa da yawa, man janareta ya yi tsada, firji ya koma ma'ajiyar kwanuka a gidaje da dama. Abin da ya fi ciwo shi ne, duk kwandon da aka juye a bola an riga an kashe masa ruwan ban lambu, da taki, da kuɗin mota, da gumin manomi.

Akwai hanyar rage wannan asara da ba ta cin wuta ba ta cin mai: tukwane biyu na yumɓu, yashi, ruwa, da buhun algarara. Zir, wato randar ruwan sha, ba baƙon abu ba ne a Sudan, kowace unguwa akwai shi a bakin hanya ana sha sadaka. Dabarar sa wata tukunya cikin wata da jiƙaƙƙen yashi a tsakani kuwa, wani malami ne daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta a ƙauyukan arewacin Najeriya a shekarun 1990, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Daga baya aka kawo ta yankin Fashir a Darfur, mata masu sayar da kayan lambu suka karɓe ta.

Daga ina sanyin yake fitowa

Wanda ya gane wannan zai iya gyara kowace matsala da kansa. Ba yashin ne yake sanyaya kaya ba, ba kuma sanyin ruwan da aka zuba ba ne. Sanyin yana zuwa ne daga ruwan da ya tsattsafo ta jikin randar waje ya bushe ya bi iska. Ruwa ba ya tashi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake kai, kamar yadda gumi yake sanyaya jiki in iska ta buso. Lita ɗaya da ta bushe tana tafiya da zafi kimanin ninki bakwai na wanda ake buƙata kafin a tafasa wannan litar a kan wuta. Saboda haka duk abin da ya hana ruwa fitowa jikin randa, ko ya hana iska kwashe shi, ya kashe aikin.

Shi ya sa lokaci da wuri suke da muhimmanci. Ranar da zafi ya kai digiri 40 kuma iska ta bushe ƙarau, iyakar sanyin da bushewar ruwa za ta iya kaiwa kusan digiri 21 ne. Randa ba ta kaiwa can, amma wadda aka haɗa da kyau tana iya yin ƙasa da zafin tsakar rana da digiri 6 zuwa 10. A tsakiyar damina kuwa, in zafi 33 ne kuma iska ta cika da laima, iyakar ba ta wuce 28 ba, randar kuma sai ta rage biyu ko uku kawai. A Bur Sudan da sauran bakin Bahar Maliya, inda iska take da danshi mafi yawan shekara, kada a sa rai da yawa.

Ga gwaji mai sauƙi kafin a kashe kuɗi: a jiƙa tsumma a matse, a rataye a inuwa inda iska take bi. In ya yi sanyi a hannu kuma ya bushe da wuri, wurin ya dace.

Zaɓen tukwane

Ana buƙatar guda biyu masu faɗin baki, ƙarama ta shige cikin babba ta bar tazarar santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe, wato faɗin yatsu biyu zuwa uku. Don gida mai mutum shida zuwa takwas, ta ciki mai faɗin baki santimita 35 zuwa 40 da zurfin 40 ta isa, tana ɗaukar kilo 10 zuwa 12 na kayan miya. Ta waje sai ta zama 45 zuwa 50. Zir ɗin ruwan sha mai tsukakken wuya da tsinin gindi bai dace ba, don wata tukunyar ba za ta shiga cikinsa ba. Gara a je wurin maginiya a yi mata bayani: "Inna, kwatarniya biyu nake so, ɗaya ta kwana cikin ɗaya, ta wajen kada a goge ta da dutse, kada a shafa mata komai." Gogewar da ake yi wa tukunya don ta yi sheƙi tana toshe ƙofofin da ruwa yake bi. Haka fenti, haka shafen siminti.

A ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa. Lafiyayyar da ta gasu tana amsawa da ƙara mai tsini, mai tsaga kuwa muryarta a dakushe take. Sannan a cika ta wajen da ruwa a zuba mata ido. Cikin sa'a ɗaya ko biyu ya kamata jikinta ya yi duhu, in an ɗora tafin hannu a ji sanyi da ɗan danshi. In ta kwana a bushe, ba ta tsattsafo, a mai da ita ta ciki ko ta ajiyar hatsi. In kuma ruwa yana gangarowa layi guda, tsaga ce, a mayar.

Ta ciki ba lallai ta zama mai tsattsafo ba. Hasali ma in ruwan da za a riƙa zubawa ba mai tsabtar sha ba ne, ya fi kyau ta ciki ta zama tukunyar dalma ko bokitin roba mai tsabta, don kada ruwan ya naso ya taɓa abinci. Ta waje ce ba a sassauci a kanta, dole yumɓu.

Sabuwar tukunya a cika ta da ruwa a zubar sau biyu ko uku kafin a fara aiki da ita, warin ƙasa da toka su fita.

Yashi

Nan ne mutane da yawa suke yin ganganci. A samo yashin rafi mai matsakaicin tsaba, irin na gini, bokitin lita 20 ɗaya da rabi. A tankaɗe shi da ragar waya a fitar da tsakuwa da ƙiraruwa. Daga nan a wanke: a zuba rabin bokiti, a cika da ruwa, a juya da hannu, a tsiyaye ruwan laka, a maimaita sau uku ko huɗu har ruwan ya fara fitowa garau. Ruwan wankin a kai gindin bishiya. Dalilin wannan wahala shi ne, ƙurar da ke cikin yashi tana bin ruwa ta shige jikin randa ta toshe ta daga ciki, bayan wata ɗaya a rasa abin da ya sa sanyi ya ragu. Baƙar ƙasar Jazira da Gadarif ba ta yin wannan aiki ko kaɗan. In ta jiƙe kumbura take yi, tana iya fasa tukunyar ma.

Wurin ajiyewa

A zaɓi wurin kafin a haɗa, don bayan an zuba yashi da ruwa nauyin yana wuce kilo 60, ja kuma yana tsaga gindi. Wurin da ya fi shi ne ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, ko inuwar darbejiya, inda rana ba ta sauka tun safe har yamma kuma iska tana ratsawa. Kada a kai ta lungun ɗaki, kada a jingina ta da bango, musamman bangon yamma da yake shan rana ya riƙe zafi har dare. A nisanta ta da murhu, da makewayi, da turken dabbobi. A bar aƙalla kamu ɗaya tsakaninta da komai.

A ɗora ta a kan bulo uku kamar murhu, ko kan ƙarfen ɗora zir in yana da ƙwari, don iska ta bi ta ƙasa.

Haɗawa

Da farko a zuba yashi a gindin babbar, kaurin santimita 4 zuwa 5, a daddale da hannu. A saka ƙaramar a tsakiya a duba bakinta. Ana so ya ɗara na babbar da faɗin yatsa ɗaya, don ruwa da yashi kada su riƙa faɗawa ciki. In ya yi ƙasa a ƙara yashi, in ya yi sama a rage. A sa ƙananan tsingaro uku a tsakaninsu su riƙe ta kada ta karkata.

Sai a rufe bakin ƙaramar da faranti, a riƙa zuba yashi a kewaye kaɗan-kaɗan, ana tsokana shi da siririn kara don ya zauna babu rami. A tsaya in ya rage santimita 2 a kai baki. Wannan ɗan gurbin shi ne kwalbatin da za a riƙa zuba ruwa.

Kafin a zuba ruwan farko a sa wani abu mai nauyi cikin ƙaramar, kamar galan cike da ruwa, don in ruwa ya yi yawa tana iya tasowa kamar kwalekwale, yashi ya zurare ƙarƙashinta. A yi amfani da buta, ana zagayawa a hankali, ana jira ya tsotse kafin a ƙara. Zubin farko yana cin lita 8 zuwa 10. An ƙoshi idan ruwa ya ɗan tsaya a saman yashi na ɗan lokaci kafin ya nutse. Yashin zai sauka, a cike gurbin.

Murfi kuwa: faifai ko murfin yumɓu a ƙasa, buhun algarara da aka wanke aka ninka biyu a sama, a jiƙe a matse. Ya rufe baki kawai. In ya sauko ya lulluɓe jikin randar ya tare mata iska. Buhun leda irin na sukari ba ya riƙe ruwa, bai da amfani a nan.

A bar ta haka ta kwana babu komai a ciki. Da safe a sa hannu, za a ji bambanci.

Shayarwa

Sau biyu a rana, bayan asuba da bayan la'asar. A bazara tana shan lita 2 zuwa 3 a yini, ranar da iska mai zafi take kaɗawa a ƙara na uku da azahar. A hunturu sau ɗaya yakan isa. Ma'aunin shi ne yatsa: a tura shi cikin yashi, in gaɓa ta farko ta fito a bushe, lokaci ya yi. Yashi ya zama mai danshi, kada ya zama kwata. In ana ganin ruwa kwance a gindin tukunyar ciki, an wuce gona da iri, a tsane shi a tsallake zubi ɗaya.

Ruwan sabulu, ruwan wanke-wanke mai maiƙo, duk ba sa shiga, suna toshe randa kuma suna wari. Ruwan kogi lokacin cikowa, daga Yuli zuwa Satumba, a bar shi ya kwana ya kwanta tukuna. Kuma tun da kwalara ta sake ɓulla a Kasala da Gadarif a 2024, wannan ba abin wasa ba ne: in tukunyar ciki ta yumɓu ce, ruwan da za a iya sha shi kaɗai za a zuba, kuma duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta bayan an ciro.

Abin da ake sawa da yadda ake jera shi

Tumatir, tattasai, attarugu, kuɓewa, yalo, ajjur (dangin kokwamba), kokwamba, karas, lemun tsami, jarjir, lalo, alayyafo, ganyen rijla. Kuɓewa da yalo da kokwamba ma sun fi son wannan matsakaicin sanyi da na firjin lantarki, wanda yake sa su yin tabo-tabo. Tumatirin da zai lalace a kwana biyu ko uku a fili yana iya kai mako ɗaya ko fiye, ganye mai yini ɗaya ya kai kwana uku ko huɗu. Amma wannan sai in lafiyayye aka sa. Randa tana jinkirta lalacewa ne, ba ta warkar da abin da ya riga ya fara.

Don haka a tsince. Duk mai rauni, mai huda, mai laushi, a ware shi a yi miyar yau da shi. Kada a wanke kafin ajiya, a goge ƙasa da busasshen tsumma kawai, don ruwa a jikin tumatir shi ne ƙofar ruɓa. Kayan da aka shigo da su daga rana a baza su a inuwa su huce kafin a sa, in ba haka ba su za su ɗumama randar. Masu nauyi a ƙasa, ganye a sama a naɗe cikin ƙyallen auduga mai ɗan danshi. A cire komai daga leda. Ledar da aka ƙulle tana tara gumi, kaya su dahu a ciki. Kada a cika maƙil, a bar tazarar yatsu huɗu ƙarƙashin murfi.

Akwai haɗin da ba ya yi. Nunannen tumatir, mangwaro, ayaba da gwaiba suna fitar da wata iska mai hanzarta nuna, wadda take sa ganye ya yi rawaya, kokwamba da kuɓewa su tsufa da wuri. Mai hali ya yi randa biyu, ɗaya ta masu nuna ɗaya ta ganye. In ɗaya ce, a bar 'ya'yan itacen a waje.

Albasa, tafarnuwa, gyaɗa, riɗi, hatsi, busasshiyar kuɓewa da barkono ba sa shiga, bushewa suke so, danshi yana sa su tsiro ko su yi fumfuna. Nama, kifi, madara da dafaffen abinci kuwa suna buƙatar sanyin da bai wuce digiri 5 ba, randa ba za ta taɓa kaiwa nan ba. Wanda ya kwanar da nama a ciki don ya ji sanyi a hannu yana jefa iyalinsa cikin haɗari. Haka allurar rigakafi da duk maganin da aka rubuta a ajiye tsakanin digiri 2 da 8.

In sanyi ya ragu

Mai ma'aunin zafi ya sa ɗaya a ciki ɗaya a rataye a inuwa, ya duba da ƙarfe biyu na rana. In bambancin bai kai digiri 3 ba a bazara, akwai matsala, kuma yawanci ɗaya ce daga cikin waɗannan.

Farin ɓawo a jikin randa gishiri ne da ruwan rijiya yake bari in ya bushe. A kankare shi da buroshi mai tauri da ruwa zalla duk mako biyu. Bayan habub, wato guguwar ƙura, ma a yi haka, don ƙura tana manne wa jiƙaƙƙen yumɓu kamar shafe. Kore-kore mai santsi gansakuka ce, tana nuna rana tana taɓa wurin ko iska ba ta isa. Wari daga yashi yana nufin ruwan ruɓaɓɓen kaya ko datti ya shiga, sai a kwashe yashin gaba ɗaya a wanke ko a canja. Ko babu wari, a sabunta yashi duk wata uku ko huɗu.

Tukunyar ciki a kwashe kaya a goge ta duk mako da ruwan zafi, a bar ta ta sha iska. Kada a sa mata sabulu, yumɓu yana shanye shi ya mayar wa abinci.

Ruwan da yake ɗiga ƙasa kada a bar shi ya taru a kwano. Sauron da yake kawo zazzaɓin dengi da cikungunya, wanda ya addabi Kasala a 2018, a irin wannan tsabtataccen ruwan gida yake ƙyanƙyasa. A juye kwanon kullum a gindin shuka, ko a dasa na'ana'a a ƙarƙashin randar ta riƙa sha.

Akwatin jan bulo don kasuwa

Mai tebur a kasuwa ko mai lambu a bakin kogi, randa ta yi masa kaɗan. Akwai babban samfuri da masu binciken noma a Indiya suka tsara a shekarun 1980, mai ɗaukar kimanin kilo 100. Dabarar ɗaya ce, sai dai bango biyu na bulo ne a madadin tukwane.

Ma'auninsa na asali: daɓe mai tsawon santimita 165 da faɗin 115, bango biyu masu tsayin kusan 70, tazarar 7.5 a tsakaninsu cike da wankakken yashi. Yana cin bulo wajen 400, gwargwadon girman bulon garinku. Shawara mafi amfani ita ce a fara jera kwandunan robar da za a riƙa sawa a ƙasa, a zana layi a kewayensu da 'yar tazara, sannan a gina. Da yawa sun gama gini suka tarar kwando ba ya shiga.

Bulon dole ya zama ja, gasasshe, irin wanda ake toyawa a bakin Nilu. Tubalin laka ɗanye narkewa zai yi, bulon siminti kuma ba ya shan ruwa yadda ake so. A jiƙa su su ƙoshi kafin a fara. A jera ba tare da siminti ba, ana sarƙa layi kan layi don ya riƙe kansa, kuma kada a yi masa filasta. A yankin baƙar ƙasa a fara shimfiɗa tsakuwa da yashi kaurin ɗani ɗaya a daddale, a ɗaga wurin sama da ƙasa, in ba haka ba ƙasar za ta kumbura da ruwa ta tsage bangon. Murfi a yi shi da firam na katako ko gora, a ɗaure zana ko algarara a kai, mai sauƙin da mutum ɗaya zai ɗaga. A kafa rumfa a samansa mai tsayin da iska za ta wuce, gefunanta a buɗe.

Zubin farko yana cin jarkoki da yawa, a yi shi kwana ɗaya kafin a sa kaya. Bayan haka a yi lissafin jarka ɗaya zuwa biyu a yini a bazara, ana zubawa a kan yashin ana yayyafa wa bangon waje. Inda ake sayen ruwa daga mai karo, wato amalanken jaki, a sa wannan kuɗin cikin lissafi tun farko. Hanyar sanin ko ya biya ita ce awo: a auna abin da ake zubarwa ko ake karyar wa farashi na mako ɗaya kafin a gina, a sake aunawa mako ɗaya bayan an fara.

Kaya su shiga cikin kwanduna masu huda, kada su taɓa bulo. A girbe da sassafe, a fitar da abin da za a iya sayarwa kafin azahar kawai, saura ya zauna a rufe, don kowace buɗewa tana shigar da zafi. Wanda ya fara shiga shi ne zai fara fita. Kwandunan a wanke su duk mako da babban cokali ɗaya na bilic a lita 4 na ruwa, a shanya. Abin da aka tsince mai rauni amma bai ruɓe ba a yanka a shanya ya zama kauɗa, wanda ya ruɓe ya tafi ramin taki ko wurin awaki.

A riƙa leƙa ƙarƙashin murfi da kusurwoyi saboda gara, da kunama da take son sanyi. A ɗaga kwando da ido kafin hannu.

In damina ta sauka

Daga Yuli, a Sinnar da Damazin da Gadarif, za a ga tsumma yana daɗewa bai bushe ba, ganye ya fara yauƙi a cikin randa maimakon ya yi ƙwari. A rage ruwa zuwa sau ɗaya a kwana biyu, a daina jiƙa murfi, a rage yawan abin da ake saya a lokaci guda. In fumfuna ta fara fitowa, a dakata gaba ɗaya: a kwashe yashi a shanya, a wanke tukwanen a kife su a kan bulo a ƙarƙashin rufi. Akwatin bulo a buɗe murfinsa ya sha iska, a tabbatar rumfarsa ba ta yoyo. Wajen ƙarshen Oktoba, in iskar arewa ta fara busowa leɓe ya fara tsagewa, a sake gwajin tsumma, a ƙwanƙwasa tukwanen a ji ko sun tsage, sannan a zuba sabon yashi.